Laftof ɗin Muhyiddeen Mai Tabarma

Idan ka yi wa Malam Muhyiddeen magana ka ga ya juyo maka da kunnen hagu, kada ka ɗauka raini ne. Na daman ne inji ya cinye. Shekara ashirin da biyu ke nan yana tsaye gaban injin saƙar tabarmar roba a wani kamfani da ke Sharaɗa, a ɗakin da ƙara ta sa ma'aikata suka koma magana da hannu da gira. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana. Ba ya cin goro, ba ya zaman majalisa, kuma a layinsu na Ɗorayi ba a san shi da wani suna ba sai Mai Tabarma.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Miga ta Jigawa. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Inna Bahaguwa, masaƙiyar tabarmar kaba ce, kuma ko a kasuwar da tabarmi suka yi tudu ana gane tata. Da yake da hannun hagu take aiki, duk adon da ta yi sai ya karkata hagu. Akwai wani ado da ita kaɗai ke yinsa, tana ce masa sawun barewa: kofato biyu-biyu a jere, daga wannan kusurwa zuwa waccan, amma a layi na bakwai sai ta bar kofato ɗaya tilo. In an tambaye ta ko kuskure ne, sai ta ce a'a, nan ne barewar ta yi tsalle. Muhyiddeen ya tashi yana jiƙa mata kaba yana rina mata ja da kore, har idonsa ya saba da ƙirgen zare ba tare da ya sani ba.

Cin rani ya kawo shi Kano, Kano kuma ta riƙe shi. A mako ɗaya aka ɗauke su aiki shi da Sagir, wani ɗan Madobi mai faram-faram da saurin baki. Sagir bai da wurin kwana, Muhyiddeen ya ce ya zo su raba ɗakinsa, kuma haka suka zauna shekara uku, katifa ɗaya, bokiti ɗaya. Da rana kwano ɗaya suke sa wa hannu a wurin mai shinkafa da wake ta bakin get. Da Muhyiddeen ya tashi auren Mas'uda, Sagir ne babban aboki, shi ya yi ta zirga-zirgar kai kaya. Da aka yi wa mahaifin Sagir aiki a asibiti, jinin Muhyiddeen aka ƙara masa. Daga baya Sagir ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida, aka ɗauke shi daga ɗakin inji aka kai shi ofis, ya zama shi ne mai duba kwamfutocin kamfanin idan sun yi gardama. Wannan bai raba su da kwanonsu ba. Mutane har cewa suke yi in ka ga ɗaya, to waiwaya.

Shekarun baya kamfanin ya kawo sababbin injuna. Na da, da kati mai huji suke karanta ado, kuma katin daga ƙasar waje yake zuwa. Sababbin kuwa filash kawai ake soka musu, duk zanen da ke ciki su saƙa shi. Ranar da Muhyiddeen ya ga haka bai iya cin abincin rana ba. Shekara da shekaru yana saƙa furanni da fitilun da bai san garinsu ba, ashe yanzu duk wanda ya iya zana abu a kwamfuta, inji zai bi shi. Ya fara da littafin lissafi mai gida-gida da biro ja da kore. Da ya cika littafi uku ya nuna wa Sagir, Sagir ya jinjina kai ya ce, "Mutumina, wannan ai ba na takarda ba ne. Kwamfuta za ka nema, kuma mai ƙarfi, don manhajar zanen nan tana da ci."

Babur ɗinsa ya sayar ya sayi laftof a hannun wani ɗalibi da ya gama jami'a zai koma garinsu. Irin ta 'yan gem ce, masu wasan kwamfuta, baƙa, mai kauri da nauyi kamar dutsen niƙa, madannanta suna kawo jan haske, ga fanka biyu a ciki masu huci. Da ya kawo ta gida Mas'uda ta zagaya ta sau biyu ta ce, "Malam, wannan ce ta cinye mana babur? To Allah ya sa ta iya kai ka Sharaɗa." Ya yi dariya. Daga ranar ya koma hawa adaidaita.

Sagir ne ya sa masa manhajar, shi ya koya masa riƙon linzamin kwamfuta. Sauran kuwa shi ya koya wa kansa, a hankali, da yatsa ɗaya. Ranar da yake shif ɗin rana, sai ya zauna a zaure tun da hantsi ya yi ta ɗora gida kan gida. A cikin shekarar farko Inna ta rasu. Bayan an share makoki ya dawo da tsohuwar tabarmarta ɗaya, ya shimfiɗa a zauren, ya ƙirga sawun barewa zare-zare ya mayar da shi cikin kwamfuta, da karkatarsa da tsallensa. Cikin shekara biyu ya tara zane arba'in da ɗaya. Burinsa ba wani babba ba ne. So yake ya kai wa manaja, in an gamsu a ɗauke shi daga ɗakin inji a ba shi teburi a ofishin zane, tun kafin kunnen hagun ma ya bi na dama.

Sai bazarar bara ta zo da zafin da kowa ya ji a jikinsa. Laftof ɗin ta fara ciwo. Da ya kunna ta sai fankokin su ɗau kuka kamar injin markaɗe, saman madannan ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu, kafin minti ashirin ta ɗauke ɗif. Sau biyu tana tafiya da aikin yini guda. Ya ɗora ta a kan bulo biyu, ya sa mata fankar tebur, Mas'uda har mafici ta riƙa yi mata tana tsokanarsa, duk a banza.

Ya kai ƙara wurin Sagir a kan kwanon shinkafa. Sagir ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Fes ne ya bushe."

"Mene ne kuma fes?"

"Wani ɗan mai ne kamar man goge baki, ana shafa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta don ya janye zafi. In ya tsufa sai a goge a sa sabo. Kawo ta gobe. Aikina ne, kada ka kai wa 'yan kasuwa su lalata maka."

Washegari ya kawo ta a naɗe cikin zanin Mas'uda. Da zai miƙa, Sagir ya ce ya rubuta masa lambar sirrin buɗewa, don in ya gama sai ya kunna manhajar ya gwada zafin. Muhyiddeen ya rubuta masa a bayan takardar biredi. Ko a ransa bai ji ɗar ba. Mutumin da ya san inda kake ɓoye makullin ɗakinka, me za ka ɓoye masa?

Kwana biyu aka ce, ta yi takwas. Da Sagir ya dawo da ita ya ce ya sha wahala, ya kwance ta kaf, ya wanke fankoki, ya sa mata fes mai kyau ɗan waje. Muhyiddeen ya yi godiya har da kai masa zabi biyu gida. Laftof ɗin kuwa ta yi sauƙi. Kukan ya ragu, ga shi a makon ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Ya ce wa Sagir yana ganin lokaci ya yi da zai shiga wurin manaja. Sagir ya rage murya ya ce, "Kada ka kuskura yanzu. Mutumin nan a wuya yake, kaya sun maƙale masa a tashar jirgin ruwa. Ka bari sai na ga fuskarsa ta saki, ni zan gaya maka ranar." Muhyiddeen ya ce to.

Bayan wata biyu Sagir ya ajiye aiki. Ya ce wani kamfanin tabarma a Chalawa ya kira shi, da ofis nasa na kansa. Muhyiddeen ya fi kowa murna. Shi ya taya shi kwashe tarkacensa, ya raka shi har bakin titi yana ta sa albarka. Daga nan waya ta fara ja baya. In ya kira, Sagir yana mitin. In ya tura saƙo, sai bayan kwana biyu a amsa da "Wallahi aiki ne ya yi yawa, mutumina." Bai ga laifinsa ba, sabon wuri sai da rawar jiki.

Ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya shigo, laftof ta koma gidan jiya, har ta fi da. Yana cikin tunanin yadda zai sami Sagir, sai wata Juma'a ya makara, masallaci ya cika, sahu ya fito har kan titi. Bai zo da abin salla ba, wani dattijo ya matsa masa a kan sabuwar tabarmarsa. Aka tayar, aka yi ruku'u, ya sunkuya zai yi sujada, sai ga kofato biyu-biyu a gaban goshinsa, ja a kan kore, sun karkata hagu. Bai san lokacin da idonsa ya fara ƙirge ba. Ɗaya, biyu, uku. A layi na bakwai kofato ɗaya ne tilo.

Har yau ba ya iya faɗin abin da liman ya karanta a raka'a ta biyu. Da aka sallame ya riƙe gefen tabarmar ya ce, "Baba, don Allah ina kuka sami wannan?" Dattijon ya ce a kasuwar Singa ya saya shekaranjiya, sabon yayi ne, 'yan Chalawa ke yi, har layi ake yi a kanta. Muhyiddeen bai koma gida ba. Ya wuce kasuwar, ya bi rumfunan masu tabarma ɗaya bayan ɗaya yana buɗe naɗi. Ya ga sawun barewa. Ya ga wanda ya sa wa suna idon rijiya, ya ga ƙofar Miga. Zanensa shida ya ƙirga, har da wanda bai gama gyara bakinsa ba, an saƙa shi haka da gurguwar kusurwarsa.

Abin mamaki, duk da haka zuciyarsa ta ƙi kama sunan Sagir. Ta yi ta nema masa mafita. Wataƙila ya bar laftof ɗin a kan teburi wani ya soka filash. Wataƙila yaran ofis ne. Da ya gaya wa Mas'uda, sai ta ce, "Malam, da ɗan gari fa akan ci gari." Ya ɗaure fuska ya ce kada ta ƙara, Sagir ɗan'uwansa ne. Ta ce Allah ya ba ta haƙuri, ta tashi ta shiga madafa.

Yana son ya buɗe zanen ya gwada da abin da ya gani, laftof ta ƙi ba shi ko minti biyar. Wani abokin aikinsa, Irmiya, ya kwatanta masa shagon ƙanwar matarsa a Bompai, wata Talatu 'yar Pankshin da ke gyara wa ofisoshin kamfanonin wajen kwamfuta. Ranar hutunsa ya je da safe. Shagon ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya da fitila da akwatin sukudirebobi a jere kamar kayan wanzami. Talatu mace ce gajera mai tabarau, ba ta da yawan surutu. Ya gaya mata ciwon, ya ƙara da cewa fes dai ba shi ba ne, don wata shida da suka wuce aka canza.

"To bari mu gani, Malam. Zauna nan kusa, a gabanka zan buɗe."

Ta kifa laftof ɗin, ta fara kwance notuna tana jera su a murfin gwangwani. Da ta zo kan na tsakiya sai ta tsaya. Wata 'yar farar takarda ce manne a kansa, mai tambarin kamfanin da ya ƙera ta, lafiyarta ƙalau.

"Wa ka ce ya buɗe ta?"

"Abokina. Ma'aikacin kwamfuta ne."

Ta huda takardar da bakin sukudireba, ta ɗaga murfin. Ƙura ce cunkus a bakin fankokin, ta haɗu da gashi ta zama kamar audugar katifa, sai ɗan wurin da ke daidai ramukan iska ne ya yi haske, alamar an hura daga waje. Ta zare wayar batir tukuna, sannan ta nuna masa wasu bututu biyu na jan ƙarfe da suka kwanta a kan allon.

"Ka ga ƙarƙashin nan akwai ƙarafa biyu masu sheƙi. Ɗaya ƙwaƙwalwar ce, ɗaya shi ke ɗaukar nauyin hoto. Su ke yin zafin. Zafin ya bi bututun nan ya je fanka ta fitar. Amma ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗuwa ruf, akwai 'yan ramuka da ido ba ya gani, fes ɗin ne ke cike su. In ya bushe, zafi ya rasa hanya."

Ta kwance notunan bututun bi da bi, ta ɗan murɗa shi, ya ƙi, ta ƙara murɗawa, ya saki da ƙara kamar an ɓare ƙwarya. Abin da ke ƙasa ya bushe ƙamas, ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Ta sa farce ta ɓanɓaro, ya zube gari.

"Malam, wannan fes ɗin da shi aka haife ta. Ba na wata shida ba ne, ya fi shekara biyar. Tun da ta baro inda aka ƙera ta ba wanda ya taɓa buɗe ta sai ni yau."

Ya juyo mata da kunnen hagu ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

Ya zauna yana kallonta tana aiki. Ta jiƙa auduga da sifirit ta goge ƙarafan biyu har suka koma kamar madubi, ta goge ƙasan bututun. Ta share fankokin da ɗan buroshi. Ta ɗauko wani abu kamar sirinji ta ɗiga fes toka-toka, kwatankwacin ƙwayar wake, a tsakiyar kowane ƙarfe, ta mayar da bututun a hankali ba tare da ta ja shi ba, ta ɗaure notunan a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don ya danne daidai. Ta mayar da wayar batir, ta rufe. Agogon bangon shagon bai cika minti arba'in ba.

"Ba za ki karɓi lambar sirri ba?" in ji shi. "Don gwaji?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "In yi me da ita? Kai za ka buɗe da hannunka, ka kunna abin da ka saba, mu saurari fanka tare."

Ya buɗe. Sawun barewa ya cika allon. Suka zauna rabin sa'a, fankokin suna numfashi a hankali kamar jariri mai barci, ya ɗora tafinsa a kan madannan ya ji ɗumi kawai. Talatu ta ce zanen ya yi kyau, ta ga irinsa a kasuwa. Ya ce eh, shi ma ya gani.

A cikin adaidaita, da laftof a cinyarsa, abin ya riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Takardar biredi. Kwana takwas. Zabi biyun da Mas'uda ta kiwata. "Ka bari sai na ga fuskarsa ta saki." Ya tuna yadda ya ɗauki kwalin Sagir a ka ya kai masa bakin titi, wataƙila filash ɗin da ya kwashe zanen a ciki yana cikin kwalin. A Ɗorayi ya wuce layinsu bai sani ba, sai da mai adaidaita ya taɓa shi.

Litinin ya shiga wurin manaja, ba tare da ya jira fuskar kowa ta saki ba. Ya buɗe laftof a kan teburin ya fara nunawa. Manaja ya kalli uku, ya miƙa hannu bayan kabad ya jawo wata tabarma ya warware.

"Wannan ai na Chalawa ne, Muhyiddeen."

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Na mahaifiyata ne. Ga kwanan watan da na zana, shekara biyu ke nan."

"Kwanan wata a kwamfuta ko 'yata ta firamare tana iya canzawa." Ya sake duban allon ya gyaɗa kai. "Amma fa ka iya kwaikwayo, ban san kana da wannan hannun ba. Bar mana shi a filash, dama muna neman wanda zai kwafo mana. Kasuwa ta koma kansa."

Muhyiddeen ya rufe laftof ya ce a yi masa afuwa. Bayan mako biyu aka kawo filash ɗakin inji, ashe wani a ofis ya kwafo adon daga tabarmar Chalawa. Mai kwafin ya ga karkatar ya miƙar da ita, ya ga kofato tilo ya ƙara masa ɗan'uwa. Injin Muhyiddeen aka soka wa. Wata uku yana tsaye yana kallon abin yana fitowa, ɗaruruwa a kowane shif, yana yanke baki yana naɗewa.

Bai kira Sagir ba. Sagir ne ya zo da ƙafarsa, wata Lahadi bayan la'asar, a cikin 'yar mota mai ruwan toka, da ledar lemo da ayaba. Ya yi sallama da muryarsa ta da, ya zauna a zaure, ya tambayi Mas'uda da yara. Mas'uda ta ajiye ruwa ta juya ba ta amsa gaisuwar ba. Sai Sagir ya gyara zama.

"Mutumina, na san ka gani. Ban zo musu ba. Amma ka tsaya ka duba. Shekara biyu kana ajiye da abin nan kamar kayan gado. Na san halinka, da har ka mutu ba ka kai wa kowa ba. Yanzu ga shi a kowane gida a Kano. Inna ma da tana raye ai daɗi za ta ji."

"Kada ka sa Inna a bakinka," in ji Muhyiddeen. "Kuma kai ka ce in jira."

Sagir ya shafa ƙeya. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, shi da alheri ya zo. Masu kamfani sun saƙa arba'in da ɗayan nan sun kusa ƙarewa, suna tambayar sababbi, shi kuma, tsakani da Allah, ya zauna ya gwada abin ya ƙi. In Muhyiddeen zai riƙa zanawa yana ba shi, shi ya shigar, ba wanda zai ji, kuma kowa zai amfana.

"Da sunan wa?"

"To ai ka san yadda ofis yake. Sun riga sun san ni."

Muhyiddeen ya daɗe yana kallon ledar lemon. Yana da maganganu da yawa da ya tara wata da watanni, na ɗakin da suka raba, na jinin asibiti, amma da ya buɗe baki ba su ne suka fito ba.

"Sagir, tambaya ɗaya zan yi maka. Fes ɗin. Na ga yadda ake yi, ko minti arba'in bai kai ba. Ta kwana takwas a hannunka. Ka ɗauki abin da za ka ɗauka, to me ya hana ka canza mini shi?"

Sagir ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka tuna masa ƙaramin abu.

"Wallahi mantawa na yi."

Muhyiddeen ya ce daga baya, duk abin da aka yi masa ba wanda ya kai wannan kalmar ciwo. Ya miƙe, ya ɗauki ledar ya sa masa a hannu, ya ce, "Ka gaida gida." Sagir ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ya yi tunani, ya kira shi. Motar ta daɗe a layin kafin ta tashi.

Sagir yana nan a Chalawa. An ce ya samo wata mai digiri tana juya masa launukan tsofaffin zanen, ja ya koma shuɗi, kuma ana saye. In sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sukan yi musabaha, don idon jama'a, ba sa wuce "ya iyali". Muhyiddeen ya daina zuwa wurin mai shinkafar bakin get, Mas'uda ke zuba masa a kula, ya ci shi kaɗai a bayan sito.

Wata huɗu bai taɓa laftof ɗin ba. Sannan wata safiya ya ɗauko ta ya zauna a zaure, kuma yanzu yana da sababbin zane goma sha tara da ko Mas'uda ba ta gani ba sai ta bayan kafaɗarsa. Talatu ta gaya masa akwai wani kamfani a nan Bompai da ke neman mai zane, ta ba shi sunan wanda zai nema. Sau biyu yana zuwa. Duka biyun maigadi ya ce mutumin ba ya nan, amma ya bar filash ɗin zanensa da lambar wayarsa, za a duba a kira shi. Na biyun har ya ciro shi daga aljihu, maigadin ya miƙo hannu. Ya tsaya yana kallon hannun, wani bawan Allah ne mai furfura da bai taɓa yi masa komai ba. Sai ya ce zai dawo, ya mayar da filash ɗin aljihu, ya tsallaka titi ya tari adaidaita mai zuwa Sharaɗa, don ƙarfe biyu yake karɓar inji.